Bishiyar kyanwa: Abin da mage ke rasawa idan aka rufe mata ƙofa, da yadda ake mayar mata da shi

Duk kyanwar da aka haifa daga ranar 1 ga Yulin 2022 a Canberra, babban birnin Ostareliya, wajibi ne mai ita ya tsare ta a cikin harabar gidansa dare da rana. Hukumomin birnin sun kafa dokar ne domin kare tsuntsaye da ƙananan namun daji daga farautar kyanwoyi, su kansu kyanwoyin kuma su tsira daga haɗarin mota, da faɗa, da cututtukan da suke kwasowa a waje. A Amurka kuwa, galibin masu kiwon kyanwa sun daɗe da rufe ƙofa bisa raɗin kansu, musamman mazauna gidajen bene a manyan birane.

Likitocin dabbobi ba sa musun cewa rufe ƙofa yana kawar da haɗurra masu yawa. Sai dai sun shafe fiye da shekara 20 suna jan kunne a kan wani abu guda: dabbar da aka halitta domin hawa da laɓewa da farauta, idan aka ajiye ta a ɗaki da kwanon abinci da na ruwa kawai, jikinta kan gaya mata. Ƙiba, da fitsarin jini, da yawan amai, da lasar jiki har gashi ya zube, duk suna cikin abubuwan da ake dangantawa da irin wannan zama.

Daga cikin kayan da aka ƙirƙiro domin cike wannan giɓi, wanda ya fi shahara shi ne abin da Turawa ke kira bishiyar kyanwa, wato wani tsayayyen gini na katako mai hawa-hawa, wanda aka naɗe turakunsa da igiya, aka kuma yi masa kantocin kwanciya da ɗan akwatin ɓuya. Mutane da dama na yi masa kallon kayan ado ko almubazzarancin masu hali. Binciken da aka tara ya nuna cewa aikinsa ya fi kusa da na rigakafi.

Yadda aka kai ga rufe ƙofa

Zaman kyanwa da mutum tsoho ne, amma zamanta a kulle sabon abu ne. A shekarar 2004, masu binciken kayan tarihi na Faransa ƙarƙashin Jean-Denis Vigne sun ba da rahoton wani kabari a tsibirin Cyprus mai shekara kimanin 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa dab da juna. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa kyanwoyin gida sun fito ne daga tsatson kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har gobe ake samun ta a dazuzzukan Sahel. Ɓerayen da ke taruwa a ma'ajiyar hatsi ne suka jawo ta kusa da mutane. Da ƙafarta ta zo, kuma tsawon dubban shekaru ba wanda ya hana ta fita.

Abin da ya fi hana a tsare ta a ɗaki shi ne wurin bahaya. Kafin tsakiyar ƙarni na 20, toka ko yashi ake zubawa a akwati, ita kuma toka takan bi sawun kyanwa ta ɓata ko'ina, yashin kuma ba ya riƙe wari. A 1947, wani matashin ɗan kasuwa a jihar Michigan mai suna Edward Lowe ya fara sayar da wata irin busasshiyar ƙasar yumɓu mai tsotse ruwa, ya raɗa mata suna Kitty Litter. Da wannan ƙasa ta yaɗu, aka kuma samu abincin gwangwani da tiyatar hana haihuwa wadda ke rage yawo da kukan neman miji, sai tsare kyanwa a gida ya zama abu mai yiwuwa ga talaka da mai kuɗi.

A ƙarshen shekarun 1960 ne wani mazaunin Los Angeles mai suna Frank Crow ya yi wa bishiyar kyanwa rajistar ƙirƙira a Amurka. Tasa doguwar sanda ce mai kantoci, wadda ke tasowa daga daɓe ta tokare rufi.

Daga baya masu kare muhalli suka ƙara wa maganar ƙarfi. Wani nazari da Scott Loss da Tom Will da Peter Marra suka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka, ko da yake mafi yawan ɓarnar daga kyanwoyin da ba su da masu su take.

Hali zanen dutse

Shekara 70 da 'yan kai ba su isa su sauya halin da ya ɗauki dubban shekaru yana kafuwa ba. Kyanwa maharbiya ce mai fita ita kaɗai. Abin da take kamawa ƙanana ne, ɓera ko ƙadangare ko fara, saboda haka idan da farauta za ta rayu sai ta ci sau 10 zuwa 20 a yini, kuma ba kowane hari ne ke yin nasara ba. Ta fi kuzari da asuba da kuma almuru. Sauran lokacin, wanda kan kai awa 12 zuwa 16, barci take yi.

Kazalika ita kanta abin farauta ce ga waɗanda suka fi ta girma. Wannan ne ya sa idan ta tsorata take neman sama ko rami maimakon ta tsaya ta yi faɗa, kuma shi ya sa take ɓoye ciwo har sai ya yi nisa, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. Ga dabba mai wannan hali, girman ɗaki bai tsaya ga faɗin daɓe ba. Falo mai faɗi wanda babu abin hawa kuma babu maɓoya fili ne a wurinta, irin wanda kakanninta ke gudun ratsawa da rana tsaka.

Abin da takura ke yi wa jiki

Hujjar da ta fi ƙarfi a wannan fage ta fito ne daga Jami'ar Jihar Ohio, inda Farfesa Tony Buffington ya daɗe yana nazarin wani ciwon mafitsara da ke addabar kyanwoyin gida. Kyanwar da ta kamu da shi takan yi ta zarya zuwa akwatin yashi, ta yi nishi, fitsari kaɗan ya fito, wani lokacin da jini, amma idan aka auna ba a samun ƙwayar cuta ko tsakuwa. Buffington ya lura cewa ciwon yana tashi ne idan dabbar ta shiga damuwa, ya kuma lafa idan hankalinta ya kwanta.

A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, an bi kyanwoyi 46 masu wannan ciwo tsawon wata 10, bayan an koya wa masu su yadda za su gyara musu wurin zama: a ƙara maɓoya da wurin hawa, a gyara akwatin yashi, a rage rikici da sauran dabbobin gida, a kuma daina tsawa da duka. Alamun ciwon sun ragu sosai, haka ma yawan tsoro da firgita.

Nazari na biyu, wanda Judi Stella ta jagoranta aka wallafa a 2011, ya fi ba da mamaki. An haɗa kyanwoyi 12 masu lafiya da 20 masu ciwon mafitsara, aka kula da su bisa tsari guda da ba ya sauyawa. A makonnin da aka dagula tsarin, kamar a sauya mai kula da su ko a jinkirta abinci, amai da ƙin cin abinci da bahaya a wajen akwati sun ninka kusan sau uku, kuma masu lafiyar ma ba su tsira ba. Ma'anar hakan ita ce, abin da mai gida ke ɗauka a matsayin fitina ko ƙazanta, sau da yawa amsa ce ga yanayin da dabbar ke ciki.

Ga muzuru, wannan ciwo na iya zama ajali. Hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa ɗungurungum, kuma idan ba a kai shi wurin likita ba yakan mutu cikin kwana biyu zuwa uku. Muzurun da aka ga yana yunƙurin fitsari babu abin da ke fitowa, ba a jiran gari ya waye kafin a nema masa likita.

Sai kuma ƙiba. Wani ƙiyasi na 2022 a Amurka ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na kyanwoyin ƙasar nauyinsu ya wuce ƙima. Ƙiba a jikin kyanwa tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da ciwon gaɓɓai.

Ginshiƙai biyar

Tunanin cewa wurin zama na iya gyara dabba ko ya ɓata ta bai fara daga kyanwa ba. A 1947, masanin halayyar ɗan Adam na Kanada, Donald Hebb, ya ba da rahoton cewa ɓerayen gwajin da ya kai gidansa suka tashi suna yawo a sake sun fi waɗanda suka tashi a keji iya warware matsala. A shekarun 1970, Hal Markowitz ya shigar da irin wannan tunani gidajen namun daji na Amurka, inda ya riƙa ƙera na'urorin da ke sa dabba ta yi aiki kafin ta samu abinci.

A 2013, ƙungiyar likitocin kyanwa ta Amurka da takwararta ta ƙasa da ƙasa suka fitar da ƙa'idojin haɗin gwiwa a kan abin da kyanwa ke buƙata a wurin zamanta, suka taƙaita su cikin ginshiƙai biyar. Na farko shi ne wurin da za ta fake ta ji ta aminta. Na biyu, a samar da abinci da ruwa da akwatin yashi da abin karta da wurin kwanciya fiye da ɗaya, a kuma rarraba su a wurare dabam-dabam. Na uku, damar wasa da kwaikwayon farauta. Na huɗu, mu'amala mai daɗi da mutane, wadda ba ta sauyawa yau da gobe. Na biyar, a mutunta hancinta. Bishiyar kyanwa ta samu karɓuwa ne saboda tana taɓa mafi yawan waɗannan a ɗan ƙaramin wuri.

Ayyuka uku na bishiyar

Aikinta na farko shi ne ba da tsawo. Daga saman kanta, kyanwa na ganin duk mai shigowa ba tare da an iya cim mata ba, ko yaro ne mai jan wutsiya, ko kare, ko baƙo. A gidan da ake da kyanwa fiye da ɗaya, tsawo yana rage faɗa, domin biyu na iya zama a ɗaki guda, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba tare da sun haɗa hanya ba.

Na biyu shi ne ɓuya. A 2014, Claudia Vinke da abokan aikinta na Jami'ar Utrecht da ke Holan suka gwada wannan a wani gidan kula da dabbobin da aka tsinta. Daga cikin sababbin kyanwoyi 19 da aka kawo, an ba 10 akwatin ɓuya, aka bar 9 babu. Waɗanda aka ba akwati hankalinsu ya kwanta tun a kwana na uku, sauran kuwa sai da suka kai mako biyu kafin su kamo su. Kyanwar da ta shige akwati tana magance tsoronta ne ta hanyar da ta iya, saboda haka janyo ta da ƙarfi domin a nuna wa baƙi yana mayar da hannun agogo baya.

Na uku shi ne karta. Hausawa kan kira wanda ba ya iya cutar da kowa kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi, amma kyanwa ta gaskiya ba ta iya rayuwa ba tare da ta kafa farce a wani abu ba. Kartar tana cire tsohon ɓawon farce, tana miƙar da kafaɗa da gadon baya, sannan tana barin alama iri biyu: zanen da ido ke gani, da warin da ke fita daga tafin ƙafarta. Alamar nan ce ke tabbatar mata cewa wurin nata ne. Idan ba a tanadar mata abin karta ba, za ta zaɓa da kanta, kuma galibi kan kujerar falo zaɓin ke faɗawa.

Shekaru masu yawa, maganin da ake yi wa wannan a Amurka shi ne tiyatar cire farata. Sunan yana ɓoye girman aikin, domin ƙashin ƙarshe na kowane yatsa ake yankewa, kamar a guntule wa mutum yatsu daga gaɓar ƙarshe. Birtaniya da ƙasashen Turai da dama sun haramta yin ta sai da dalilin rashin lafiya. Jihar New York ce ta fara haramta ta a Amurka a 2019, Maryland ta bi sahu a 2022.

Yadda ake gane mai kyau

Ba kowace bishiya ce kyanwa ke karɓa ba, kuma tsada ba ta tabbatar da komai. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara amsoshin masu kyanwa fiye da 4,000, ya gano cewa turken da aka naɗe da igiya shi kyanwoyi suka fi amfani da shi idan aka ba su, duk da cewa mai kafet ne mutane suka fi saya. An kuma samu ƙarancin ɓarnar kayan ɗaki a gidajen da turken ya kai tsawon ƙafa 3, wato kusan santimita 90. Dalilin a fili yake: kyanwa na son ta miƙe iya tsawonta yayin karta. Igiyar da aka fi amfani da ita ita ce ta sisal, wani tsiro ɗan asalin Meziko da ake nomawa sosai a Brazil da Tanzaniya da Kenya.

Sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci shi ne kada ta yi rawa. Bishiyar da ta karkata sau ɗaya da kyanwa a kanta, da wuya ta sake hawa. Dole gindin ya zama mai faɗi da nauyi, doguwa kuma a ɗaure ta da bango. Kantar kwanciya ta isa jikin dabbar gaba ɗaya, idan da ɗan gefe da za ta jingina ya fi. A jera kantocin kamar matakala, domin faratan kyanwa sun lanƙwasa ne ta yadda hawa ke mata sauƙi, saukowa ta kai kuma ya yi wuya. Akwatin ɓuya, musamman a gida mai kyanwoyi da yawa, ya fi kyau da ƙofa biyu, don kada wata ta tsare wa wata hanyar fita.

Wurin da aka ajiye ta ma yana da tasiri. Bishiyar da aka jefa a sito ko bayan ƙofa ba ta da amfani, domin kyanwa na son ta kasance inda mutanen gida ke zama, tana kallonsu daga nesa kaɗan. Kusa da taga ya fi, saboda kallon tsuntsaye da masu wucewa na ɗauke mata awoyi. Idan akwai kujerar da ta saba karta, a fara ajiye turken a gefenta, daga baya a riƙa matsar da shi sannu a hankali.

Taga tana zuwa da nata haɗarin. A 1987, likitoci biyu a wani babban asibitin dabbobi na New York sun wallafa bayanin kyanwoyi 132 da suka faɗo daga benaye. Kimanin kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sun rayu, amma da yawa sun samu rauni a ƙirji, ko karayar muƙamuƙi da ƙafa. Duk taga ko barandar benen da kyanwa ke kaiwa tana buƙatar raga mai ƙarfi.

Tsohuwar kyanwa kuma tana da nata hukuncin. Wani nazari na 2002 ya duba hoton ƙashin kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, ya samu alamun lalacewar gaɓɓai a jikin 90. Irin wannan kyanwa ba ta daina son sama ba, tsallen ne ya gagare ta. Gajerun matakai ko ɗan gangaren katako kan mayar mata da wurin da ta saba kwanciya.

Farauta a tsakar falo

Bishiya ba ta motsi, saboda haka ba ta maye gurbin farauta. Wannan aikin mai gida ne. Abin wasan da ya fi tasiri shi ne 'yar sanda mai zare da gashin tsuntsu a ƙarshe, wadda ake ja a ƙasa kamar ɓera mai gudu, yana tsayawa yana laɓewa. Abin farauta ba ya nufo maharbi, don haka kaɗa shi a fuskar kyanwa ba ya burge ta. A bar ta ta kama lokaci zuwa lokaci, a kuma rufe wasan da ɗan abinci, domin a daji kamawa da ci tare suke tafiya. Matsalar fitilar lesa mai jan ɗigo ke nan: kyanwa na bi har ta gaji ba ta taɓa riƙe komai ba. Bayan wasa a ɗauke zaren a ɓoye, domin zaren da kyanwa ta haɗiya na iya tattare hanji ya yanka shi.

Akwai shaidar cewa wasan yana biyan buƙatar da gaske. Masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun ba da rahoto a 2021 cewa a cikin kyanwoyin da ke fita waje, wasan minti 5 zuwa 10 a kullum ya rage dabbobin da suke kamowa gida da kashi 25 cikin 100, abinci mai yawan nama kuma ya rage da kashi 36.

Wata dabarar ita ce a sa kyanwa ta yi aiki kafin ta ci. Ana zuba busasshen abinci a gorar roba da aka huda, ko a ramukan kiret ɗin ƙwai, ko a rarraba shi a wurare biyar ko shida a cikin gida, har da saman bishiyar. Sai dai a fara da mai sauƙi. A binciken na Exeter, kyanwoyin da aka ba irin wannan kwano mai wuyar sha'ani sun ƙara farauta ne maimakon su rage, kuma masu binciken sun yi zaton rashin sabo ne ya bar su da yunwa.

Hanci, yashi da mutum

Kyanwa tana sanin gidanta da hanci. Idan ta goga kumatu a ƙafar tebur, warinta take shafawa. Wanke dukkan shimfiɗunta rana ɗaya, ko fesa turare a wurin kwanciyarta, tamkar share mata alamun hanya ne, shi ya sa ake ba da shawarar a riƙa wanke su ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin turaren wuta da na sigari da maganin sauro a rufaffen ɗaki na iya tayar mata da tari, musamman mai asma. Ganyen nan da Turawa ke kira catnip, wanda ke sa kyanwa birgima na 'yan mintuna, yana aiki ne a kan kusan biyu cikin uku kawai, don haka wadda ba ta kula shi ba lafiyarta ƙalau. Furen lili kuwa guba ne mai kashe mata ƙoda, kamar yadda ƙwayar farasitamol ɗaya ke iya halaka ta.

Game da akwatin yashi, ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce ɗaya ga kowace kyanwa, a ƙara ɗaya a kai, a ajiye su nesa da abinci da inda ake yawan hayaniya, a kuma kwashe ƙazantar kullum.

Shi ma mutum yana cikin lissafin. A wani gwaji da Kristyn Vitale ta yi a Jami'ar Jihar Oregon a 2017, an ba kyanwoyi zaɓi tsakanin abinci da abin wasa da ƙamshi da hulɗa da mutum. Rabinsu suka zaɓi mutum, kashi 37 cikin 100 suka zaɓi abinci. Galibi hulɗar da kyanwa ta fi so ita ce wadda ita ta fara, kuma take da ikon yankewa.

Inda maganar ta shafi ƙasar Hausa

A gidan gargajiya na ƙasar Hausa ba a taɓa buƙatar bishiyar katako ba. Mage tana da katanga, da saman rumbu, da darbejiyar tsakar gida, da tarin itacen girki, da ɓerayen da ke kai ta aiki kowane dare. Tsarin gidan da kansa ya tanadi kusan dukkan ginshiƙan nan biyar.

Abin da ke sauyawa shi ne gini da kuma irin kyanwar. A Abuja da Kano da Kaduna da Yamai, iyalai na komawa gidajen bene da gidajen da aka shafe da tayil, ana kuma sayar da kyanwoyin waje masu yawan gashi, irin na Farisa, a shafukan sada zumunta. Wanda ya zuba kuɗi ya sayi irin wannan ba ya barin ta ta fita. Nan ne matsalar da Amurka ta daɗe tana fama da ita ke samun wurin zama, tare da ƙarin wata: kyanwar Farisa mai dogon gashi da gajeren hanci ba ta jure zafin bazara, kuma iskar da ke kusa da rufi ta fi zafi. Tana buƙatar wurin kwanciya a ƙasa, mai inuwa da sanyi, da ruwa a wuri fiye da ɗaya.

Ba sai an yi odar komai daga waje ba. Kafinta na iya haɗa bishiya da katako mai kauri da igiyar rama ko wata igiya mai kaushi, muddin ya naɗe ta tamau, ya kuma tabbatar babu tsinin ƙusa a waje. Kantoci biyu ko uku da aka kafa a bango kamar matakala, ko saman kabad da aka share aka shimfiɗa tsohon bargo, suna yin aikin tsawo. Kwalin taliya da aka huda wa ƙofa biyu maɓoya ce cikakkiya, kuma guntun kututture mai ɓawo abin karta ne da kyanwa ta sani tun kafin a ƙirƙiro wani.

Nauyin da ke kan mai tsare dabba ba baƙon abu ba ne ga Musulmin yankin. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Hadisin a kan yunwa yake magana, amma ƙa'idar da ke cikinsa ita ce wanda ya hana dabba nema wa kanta, shi zai ɗauki nauyin abin da ya hana ta. Binciken Ohio da Utrecht da Exeter ya nuna cewa abin da kyanwa ke fita nema ya haɗa da wurin hawa, da wurin ɓuya, da abin karta, da abin da za ta bi ta kama.

Alamun da ke nuna cewa wani abu ya gaza sanannu ne: kyanwa ta wuni a ƙarƙashin gado, ko ta fara fitsari a kan shimfiɗa, ko gashin cikinta ya zube saboda lasa, ko ta riƙa kai wa ƙafafun mutane hari da dare. Matakin farko shi ne a kai ta wurin likitan dabbobi, domin kowace daga cikinsu na iya zama ciwo. Idan likita bai samu komai ba, sai mai gida ya dubi ɗakin daga tsawon da kyanwar ke kallonsa, ya lissafa wurare nawa za ta iya hawa da kuma wurare nawa za ta iya ɓuya.